Uwargida, Kada Ki Hana 'Yarki Karatun Wasan Kwaikwayo

A wannan mako za mu leƙa yammacin Jihar Katsina ne, watau ƙasar Batsari da Safana, amma maganar da za mu yi ta shafi kowace uwa da ke da 'ya a makarantar sakandare, ko a wane gari take zaune.

Ga yadda abin yakan faru. Yarinya ta shiga babbar sakandare, ta zaɓi ɓangaren adabi. Wata rana ta dawo gida da murna, ta ce malamin Hausa ya ba su littafin wasan kwaikwayo, kuma an zaɓe ta ta fito a matsayin uwar miji ranar da za a gwada wasan a aji. Nan take uwa ta dafe ƙirji, ta ce, “Wasan me? Ni na kai ki makaranta don ki zama 'yar fim?” Kafin magariba magana ta isa kunnen uba, shi kuwa ya yanke hukunci a bar wannan darasi. Yarinya ta haɗiye hawayenta. Ranar jarrabawa kuma ta tarar da tambayoyi a kan littafin nan da aka hana ta kusanta.

Uwargida, ban ce tsoronki ba shi da dalili ba. Kowace uwa ta gari tana kishin mutuncin 'yarta, kuma duk mun san irin surutun da ake yi a kan masu sana'ar fim, na gaskiya da na ƙage. Sai dai ina roƙonki ki ba ni aron hankalinki kaɗan, mu duba abin da ake koyarwa a wannan darasi, da inda ya samo asali, da abin da yarinya za ta rasa idan an hana ta. In kin gama karantawa, hukunci yana hannunki da na maigida.

Abin da muka gada ne

Da farko ki tuna ƙuruciyarki. Wace ce a cikinmu ba ta yi wasan 'yar tsana ba? Kin haɗa 'yar tsanarki, kin yi mata kitso, kin ɗaura mata aure, kin jera mata gwangwanaye a matsayin kayan ɗaki, ƙawayenki sun zo da guɗa sun kai amarya. Ba wanda ya rubuta muku abin da za ku faɗa, amma kowace ta san maganar da uwar amarya take yi da wadda dangin ango suke mayarwa. Wannan shi ne wasan kwaikwayo tun daga tushensa: mutum ya ari halin wani ya nuna shi, masu kallo su gane, su yi dariya, su ɗauki darasi.

Haka nan idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fita tashe. Samari suna da nasu, kamar Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu, 'yan mata kuma suna da nasu, kamar Samodara da Mairama da Daudu. A wannan na ƙarshe yarinya ɗaya takan yi shigar miji, ɗaya ta yi shigar amarya, sauran suna waƙa suna nuna mata ladabin zaman aure. Iyayenmu ba su hana mu ba, su ne ma suke ba mu hatsi ko 'yan kuɗi idan mun gama. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida suke kwaikwayon sarki da fadawansa, har mai mulki ya ga halinsa a jikin wata, ya gyara abin da yake buƙatar gyara ba tare da an ci masa fuska ba. A ƙauyuka kuma bayan an kawar da amfanin gona akan yi kalankuwa, matasa su naɗa nasu shugabanni na wasa, su yi shari'a ta wasa.

Kin ga ke nan mata ba baƙi ba ne a wannan fage. Abin da makaranta ta ƙara shi ne rubutu da nazari da jarrabawa.

Daga dandali zuwa littafi

Rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa ya fara ne a shekarun 1930, lokacin da Rupert East, Baturen nan na ofishin talifi na Zariya, ya fitar da littafin wasanni shida don amfanin makarantu. Bayansa Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa. Malam Aminu Kano ma tun yana ɗalibi, har zuwa lokacin da yake koyarwa a Bauci, ya riƙa shirya wasanni da 'yan makaranta don sukar zalunci da cuta. Daga nan Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano suka rubuta Tabarmar Kunya, Yusuf Ladan kuma ya yi Zaman Duniya Iyawa Ne, wanda masu sauraron rediyon Kaduna suka daɗe suna jin daɗinsa. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, a 1976 kuma Adamu Halilu ya mai da labarin fim.

Mutanen Katsina suna da nasu abin alfahari a nan. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda masu kallon talabijin suka sani da Kasagi, shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, aka buga shi a 1979. Uwargida, ko kin san abin da wasan yake magana a kai? Labarin 'yar makaranta ne da wani mai kuɗi ya ruɗa da abin duniya har ya lalata mata rayuwa. Watau gargaɗin nan da kike yi wa 'yarki dare da rana, shi ne marubucin ya zuba a littafi. Uwar Gulma kuwa rikicin zaman aure ne, da yadda wulakancin miji da tsegumin mutane suke rusa gida. In kika hana yarinya karanta irin waɗannan, kin hana ta jin nasiharki ne daga bakin wani.

Me ake koya a aji?

A ƙaramar sakandare ana ɗan taɓa wasan kwaikwayo a cikin darasin al'adu da fasaha, tare da zane da kiɗa. A babbar sakandare kuwa, watau shekaru uku na ƙarshe, yarinya takan haɗu da shi sosai ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko darasin Hausa, inda adabi ya kasu uku: zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Ƙofa ta biyu darasin adabin Turanci, wanda hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO suke yin tambayoyi a kansa.

Hukumar WAEC takan sauya littattafan adabin Turanci duk bayan shekara biyar. Daga 2021 zuwa 2025 ɗalibai sun karanta The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, da Let Me Die Alone na John Kargbo mutumin Saliyo, da Look Back in Anger na John Osborne daga Ingila, da Fences na August Wilson daga Amurka, sannan A Midsummer Night's Dream na Shakespeare. A jerin da ya fara daga 2026 akwai Antony and Cleopatra na Shakespeare, akwai kuma The Marriage of Anansewa, wanda wata mace 'yar Gana, Efua Sutherland, ta rubuta. Labarin wani uba ne mai wayo da ya yi wa manyan mutane huɗu alkawarin auren 'yarsa ɗaya don ya ci kuɗinsu. Ashe wannan ba zancen gidajenmu ba ne?

Abin da ake so ɗaliba ta iya a wannan mataki ya wuce ba da labari. Ana so ta fito da jigon wasa, watau babban saƙon da marubuci yake son isarwa. Ana so ta bayyana zubi da tsari: yadda aka raba wasan kashi kashi da fitowa fitowa, inda rikici ya ƙullu da inda aka warware shi. Ana so ta auna halin kowane ɗan wasa, ta faɗi dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi, ta kawo hujja daga cikin littafin. Sannan ta duba salo, ta gane habaici da karin magana da zambo, ta san inda marubuci ya faɗi abu alhali kishiyarsa yake nufi. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne mai nauyi, ba ya kasa na lissafi wahala.

To, a nan ne gwadawa a aji take shigowa. Wasan kwaikwayo an rubuta shi ne don a gani a kuma ji, kamar yadda ake dafa tuwo don a ci. Ɗalibar da ta tashi ta faɗi maganar uwar miji da bakinta, ta nemi muryar da ta dace da tsayuwar da ta dace, ba za ta manta da wannan fitowa ba ranar jarrabawa. Wadda ta haddace taƙaitaccen bayani kawai, da an juya tambaya sai ta rikice. Saboda haka malamin da ya ce a tashi a gwada, aikinsa yake yi.

Yadda ake yi a wasu wurare

A da, kafin a kawo tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, ɗalibin da ya gama shekara biyar ta sakandare a ƙasar nan yakan ƙara shekara biyu ta babban mataki, wadda ake kira HSC, kafin ya shiga jami'a. An daina wannan a makarantun gwamnati, amma akwai makamancinsa, kamar shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da shi, wanda mai cin jarrabawarsa yake shiga jami'a daga aji biyu.

A Ingila har yanzu suna riƙe da wannan mataki na shekara biyu, daga shekara 16 zuwa 18 da haihuwa, kuma wasan kwaikwayo darasi ne mai zaman kansa a cikinsa. A tsarin ɗaya daga cikin hukumomin jarrabawarsu, kashi 40 cikin 100 na maki daga rubutacciyar jarrabawa yake fitowa, kashi 30 daga wasan da ɗalibai suka ƙirƙira da kansu, sauran kashi 30 kuma daga gwada wasu sassa na rubutattun wasanni. Abin lura a nan shi ne ba dole ne ɗalibi ya hau dandamali ba. Yana iya neman makinsa ta hanyar tsara sutura, ko tsara fitilu, ko sauti, ko shirya dandamalin, ko ba da umarni. Na kawo wannan ne don uwargida ta san fagen yana da faɗi. Yarinya mai kunya, wadda ba ta son a kalle ta, tana iya zama mai rubuta wasan, ko mai ɗinka kayansa, ko mai tsara yadda za a yi shi.

Me ya sa Batsari da Safana?

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce, mutanen da ke fama da abin da ya fi wannan, ina su ina zancen wasa? Gaskiya ne an sha wuya. Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina, duk suna bakin Dajin Rugu, wajen iyaka da Zamfara, kuma suna cikin ƙananan hukumomin da ta'adin 'yan bindiga ya fi shafa. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A daren 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, na tsawon watanni. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma cikin Batsari ko Dutsin-Ma ko birnin Katsina. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin, ciki har da Batsari da Safana. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa.

Ke uwa kin fi kowa sanin abin da wannan ya yi wa yara. Akwai yarinyar da ta yi shekara ba ta shiga aji ba, ta dawo ta tarar karatu ya yi mata nisa. Akwai wadda a da bakinta ba ya shiru, yanzu sai a yi yini ba a ji muryarta ba. Akwai wadda aka yi wa aure da wuri, don iyaye sun ga makaranta ta tsaya kuma zaman gida ba tabbas. Yarinyar da ta samu ta koma aji bayan duk wannan, ba ƙaramar ni'ima ba ce, kuma bai kamata mu da kanmu mu rage mata abin da za ta samu a can ba.

Darasin wasan kwaikwayo yana da amfani biyu ga irin waɗannan yara. Na farko, yana gyara karatu. Yarinyar da take tuntuɓe in tana karanta Hausa ko Turanci, idan aka ba ta magana layi goma ta maimaita har ta iya, ta faɗa a gaban 'yan ajinsu, harshenta zai saki, tsoron littafi ya ragu. Na biyu, yana buɗe bakin da ya rufe. Abin da yarinya ba za ta iya faɗa da sunanta ba, takan iya faɗarsa idan ta ari bakin wata. Kuma duk wannan ba ya cin kuɗi. Ba a buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ko wutar lantarki ko kwamfuta. Inuwar bishiya da tabarma da tsohon zane sun isa.

Jihar Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, kuma gina azuzuwa da gyara su yana cikin ayyukansa. Gini abu ne mai kyau. Amma abin da ake yi a cikin ajin shi ne zai sa yarinya ta so komawa gobe.

Darasin da Zariya ta koyar

Kada a ɗauka wasan kwaikwayo na ilmi sai a birni. A 1975 aka fara koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin wani malami mai suna Michael Etherton. Gidan wasan da aka gina musu a Samaru ma da ƙasa aka yi shi, bisa fasalin ginin Hausa. Malaman da ɗalibansu ba su tsaya a cikin jami'a ba. Sun riƙa shiga ƙauyuka, su zauna da mutane, su ji abin da yake damunsu, su mai da shi wasa da Hausa, su nuna a dandali, sannan a zauna a tattauna mafita. Sun yi haka a Soba da Bomo da cikin Samaru, sun kuma yi a Maska ta ƙasar Funtuwa, wadda yanzu take cikin Jihar Katsina. Wannan hanya ita ake kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, kuma har yau ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin taimako suna amfani da ita wajen wayar da kai a kan rigakafi da tsabta da awon ciki.

'Yan matan sakandare na Batsari ko Runka ko Wagini za su iya yin irin wannan daidai ƙarfinsu. Ga abubuwan da za a yi wasa a kansu birjik: yarinyar da talla ta hana ta zuwa makaranta a kan lokaci, uwar da ta ƙi zuwa asibiti sai da naƙuda ta yi tsanani, gasar kayan ɗaki da take jefa iyaye cikin bashi, zaman 'yan gudun hijira da masu masaukinsu. Idan aka nuna wa iyaye mata irin wannan ranar taron iyaye da malamai, saƙon zai fi shiga fiye da dogon jawabi.

Sai dai a nan akwai gargaɗi mai muhimmanci ga malamai da ɗalibai. A wurin da rauni bai gama warkewa ba, kada a kama sunan kowa a cikin wasa, kada a kwaikwayi wani sananne yadda za a gane shi, kada a jingina laifi ga wata ƙabila. Kada kuma a tilasta wa yarinyar da abu ya faru a gidansu ta fito ta maimaita shi. Haka nan kada a ɗauki hoton yara a waya a watsa ba da izinin iyayensu ba. Wasan da zai jawo wa wani gida fitina, barinsa ya fi alheri.

Sharuɗɗan da uwa za ta nema

Uwargida, amincewa ba ta hana sa ido. Ki shirya ki je makarantar da kanki, ko ki roƙi maigida ya je, a ga malamin ko shugabar makaranta. Ki tambayi sunan littafin, in kina karatu ki karanta shi, in ba kya yi ki sa yarinyar ta karanta miki da dare bayan an gama aikin gida. Za ki ji daɗinsa, ita kuma bita ce ta yi.

Ki nemi a riƙa yin gwaji da rana, a cikin harabar makaranta, a tashi da wuri yadda kowace yarinya za ta isa gida kafin la'asar ta yi sanyi. Ki nemi a samu malama mace a wurin. Sutura ta zama ta mutunci, yarinya da hijabinta za ta iya fitowa a matsayin kowa. A makarantar 'yan mata zalla, su ne za su fito a matsayin maza, kamar dai yadda ake yi a tashe, hula da babbar riga sun wadatar. In makarantar haɗe take da maza, a kiyaye iyakar da addini da al'ada suka shata. Idan an ce za a je gasa a wani gari, ki san wanda zai raka su, da motar da za su shiga, da lokacin dawowa, kuma in hankalinki bai kwanta da hanyar ba kina da ikon cewa a'a. Malamin kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai ma yi murna da ya ga uwa ta damu.

Ke kuma 'yar makaranta

'Yata, yardar iyaye amana ce, kada ki ci ta. Kada ki fake da gwajin wasa ki tsaya yawo. Ranar da aka kama ki da ƙarya ɗaya, kin rufe ƙofar ga kanki da ƙannenki.

Ga shawara a kan karatun kansa. Ki karanta wasan tun daga farko har ƙarshe sau ɗaya don jin labari. A karo na biyu ki ɗauki littafin rubutu, ki ware wa kowane ɗan wasa shafi guda, ki rubuta abin da yake so, da abin da ya tare masa hanya, da yadda ya ƙare. Ki lura da bayanin da marubuci yake sakawa a tsakanin maganganu, inda yake cewa wance ta shigo ko wane ya juya baya, domin sau da yawa ma'ana tana nan. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba matsayi, ku karanta da babbar murya. Idan kin zo amsa tambaya, kada ki tsaya ba da labari, ki faɗi ra'ayinki ki kawo hujja daga fitowa kaza. Sannan ki gwada rubuta naki, ko da shafi biyu ne, a kan abin da kika gani a gidan biki ko a bakin rijiya. Ki saurari yadda kakarki take magana, da yadda 'yan kasuwa suke ciniki. Marubucin wasa da kunne yake fara aiki kafin alƙalami.

Kada kuma son wannan darasi ya sa ki saki sauran. Akasarin jami'o'i suna neman kyakkyawan sakamako a darussa biyar, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kafin su ɗauki ɗalibi a wannan fanni, kuma adabin Turancin nan shi ake nema ga mai son karatun lauya.

Ina karatun zai kai ta?

Wannan ita ce tambayar da uba yakan yi, kuma yana da gaskiya. Amsa ita ce hanyoyin suna da yawa. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos duk suna da sashen nazarin wasan kwaikwayo. Wadda take son koyarwa, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita nan kusa a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Katsina. Ana nazarin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kowa ya san yadda makarantun karkara suke ƙishin malamai mata 'yan asalin wurin, waɗanda ba za su nemi canji su gudu ba. Bayan koyarwa akwai aikin rediyo da talabijin, da rubuta wasanni, da fassara, da aikin wayar da kai a ma'aikatar lafiya.

Akwai matan da suka riga suka share hanya. Zulu Sofola, wadda ta rubuta Wedlock of the Gods, ita ce mace ta farko da ta zama farfesar wasan kwaikwayo a Afirka, ta rasu a 1995. A nan gida kuma ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, amma daga baya ta nemi ilmi, ta rubuta littattafai irin su Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, ta kuma rubuta labarin fim ta shirya. Har an fassara littafinta zuwa Turanci ana karanta shi a ƙasashen waje.

Ko da yarinya ba ta yi aiki da shi ba, ba a yi asara ba. Macen da ta iya tsayawa ta yi magana a natse, ta iya sauraro, ta iya hango abin da ke cikin zuciyar wanda take magana da shi, za ta fi iya zama da miji da dangin miji, ta fi iya yi wa likita bayanin ciwon ɗanta, ta fi iya neman haƙƙinta a gaban alƙali in ta kama.

Saboda haka uwargida, idan 'yarki ta dawo da littafin wasa a hannu, ki ce ta zauna ta karanta miki fitowa ta farko. Ki ji da kunnenki, sannan ki yi shawara da mahaifinta. Ku kuma malamai mata da ke Batsari da Safana da kewaye, muna so ku rubuto mana yadda kuke koyar da wannan darasi da irin wahalar da kuke sha, don wasu su ƙaru.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare mana su a hanyar makaranta, ya ba su ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.